Da Kuɗin Tsufanmu Ake Rarrashinmu

A Afirka ta Kudu, wanda aka sallama daga aiki yana da asusun inshorar da zai je ya yi rajista a riƙa ba shi na cefane. Mu fa a Najeriya? Dokar fansho ta 2014 cewa ta yi mu shafe wata huɗu ba aiki, sannan mu kai takardar sallama mu nemi kashi 25 cikin 100 na asusun fanshonmu. Wato mu ci guzurin tsufanmu tun da sauran ƙarfinmu, a kuma ce an taimaka mana! Mai gidan haya zai jira wata huɗun ne? Wannan ma gatan masu albashi ne. Yaron shago a Kantin Kwari da aka ce masa kada ya fito gobe, wace takarda zai kai, kuma wa zai kai wa?