Mabuɗi Ɗaya, Ƙofofi Goma: Amanar da ke Cikin Shiga Sau Ɗaya

Ɗalibin jami'a a yau yana da ƙofofi da dama a intanet: shafin rajista, na biyan kuɗin makaranta, na ɗakin karatu, na darussa, da akwatin wasiƙunsa. Idan kowace ƙofa tana da kalmar sirrinta, sakamakon sananne ne: ko ya rubuta su a bangon littafi, ko ya riƙa maimaita kalma guda ko'ina. Maganin da masana kwamfuta suka samar shi ne tsarin da za mu kira "shiga sau ɗaya", wato mutum ya tabbatar da ko shi wane ne a wuri guda, sauran manhajoji su karɓe shi ba tare da sun sake tambayarsa ba. A ganina tsarin ya dace. Amma duk hukumar da ta kafa shi don neman sauƙi kawai, ba ta tanadi tsaron mabuɗin ba, ta jefa jama'arta cikin haɗarin da ya fi na da.

Tsarin ya yi kama da babban gida mai zaure ɗaya. Idan ɗalibi ya buɗe shafin ɗakin karatu, shafin zai tura shi wurin wata manhaja ta musamman, mai tantancewa. A can zai ba da sunansa da kalmar sirrinsa, a ba shi shaida mai ɗauke da sa hannu na lantarki da wa'adin ƙarewa. Ɗakin karatu ya duba sa hannun, ya buɗe masa. Da ya nufi shafin darussa, za a sake tura shi zauren, amma da yake mai tantancewa ya riga ya san shi, nan take zai miƙa masa sabuwar shaida. Fa'idar a fili take: kalmar sirri ba ta zuwa hannun manhajoji goma, kuma ranar da ma'aikaci ya bar aiki, asusu ɗaya za a rufe, dukan ƙofofi su rufu.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun cikin shekarun 1980 cibiyar MIT ta Amurka ta samar da Kerberos don kwamfutocinta. A 2005 aka amince da ƙa'idar SAML 2.0, wadda jami'o'i da kamfanoni ke amfani da ita har gobe. A 2014 aka fito da OpenID Connect, ƙa'idar da ke bayan maɓallin shiga da asusun Google. Ɗaliban harshe za su so sunan wata manhajar jami'o'i, Shibboleth. An ɗauko shi daga wani labari na Littafin Mahukunta a Baibul, inda masu tsaron mashigin Kogin Urdun suka riƙa gane abokan gaba ta furucin wannan kalma, domin su da "s" suke fara ta maimakon "sh". Tun can asali, tantancewa hukunci ne a kan wanda zai wuce da wanda za a tare.

To ina matsalar take? Hausawa na cewa tsintsiya maɗaurinki ɗaya, kuma in maɗaurin ya tsinke, komai ya watse. A watan Satumba na 2018 Facebook ya sanar cewa an sace shaidun shiga na masu amfani da shi, daga baya ya ce asusun da abin ya shafa sun kai kimanin miliyan 30. Abin da ya tayar da hankali shi ne irin wannan shaida na iya buɗe wasu shafukan da ake shiga da asusun Facebook, ko da yake kamfanin ya ce bai ga alamar an yi hakan ba. Haka kuma a ranar 4 ga Oktoba 2021 ayyukansa suka tsaya cak na kusan awa shida, waɗanda suka dogara da shi don shiga wasu wurare suka tsinci kansu a waje.

Saboda haka akwai sharuɗɗa uku da bai kamata a yi sassauci a kansu ba. Na farko, kada kalmar sirri ita kaɗai ta buɗe zauren. A ƙara shaida ta biyu, kamar lambar da manhajar waya ke samarwa tana sauyawa, musamman ga malamai masu shigar da maki da ma'aikatan kuɗi.

Na biyu, a ba fita muhimmancin da aka ba shiga. Sau da yawa mutum yakan fita daga shafi ɗaya alhali mai tantancewa yana riƙe da shi. A wurinmu, inda ɗalibai ke karɓa-karɓar kwamfuta a shagunan intanet da aron wayar aboki, wannan ɓaraka ce babba: na baya zai zauna ya tarar da ƙofofi duka a buɗe. Dole maɓallin fita ya rufe ko'ina, wa'adin shaida kuma ya zama gajere.

Na uku, mabuɗin ya kasance a hannun makaranta. Wani zai ce Google ya fi ƙaramar jami'a iya tsaro, kuma gaskiya ne. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Idan ɗalibi yana shiga da asusunsa na kansa, ranar da kamfanin ya rufe asusun, makaranta ba ta da ta cewa. Ko dai ta kafa nata mai tantancewa da manhajoji na kyauta irin su Shibboleth ko Keycloak, ko ta yi hayar aikin bisa rubutacciyar yarjejeniya, asusun ya kasance da sunanta, ikon buɗewa da rufewa yana hannunta.

Wannan duka yana buƙatar kuɗi da ƙwararrun ma'aikata masu sa ido dare da rana. Hukumar da ba ta shirya ɗaukar wannan nauyi ba, gara ta dakata har ta shirya, domin makin ɗalibai da kuɗinsu da wasiƙunsu amana ce a wuyanta.