Ba Kowace Ƙwaya Ce Ta Cuta Ba

Duk wanda ya taɓa zama a Kazaure ko Roni ya san ƙamshin da ke tashi daga ƙasa idan ruwan farko ya sauka. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira Streptomyces, suke samar da wannan ƙamshi. Suna zaune cikin ƙasa da kewayen saiwoyin shuka, suna fitar da sinadarai masu kashe wasu ƙwayoyin da ke cutar da amfanin gona. Daga jinsinsu ne Albert Schatz, ɗalibin Selman Waksman, ya samo streptomycin a Amurka cikin 1943, maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Maganin ivermectin da ake rabawa don yaƙar makantar rafi ma, asalinsa wata halitta ce irin wannan da Satoshi Omura ya samo a ƙasar Japan. Ko a lakar ƙarƙashin teku an sami danginsu.

To, amma a aji me ake kiransu? "Ƙwayoyin cuta." Nan gizo ke saƙar. Kalmar ta yi musu kuɗin goro, ta haɗa mai magani da mai kisa. Yaron da ya tashi da ita zai ɗauka duk abin da ke cikin ƙasa ƙazanta ne, alhali mahaifinsa a Babura ko Gwiwa ya daɗe da sanin cewa gero ya fi kyau a gonar da aka yi wake ko gyaɗa bara, ko da bai san dalili ba. Dalilin kuwa yana jikin saiwa: ƙananan ƙulle-ƙullen nan gidajen wasu halittu ne da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska su ciyar da shuka.

Gyaran kalma aikin malamin Hausa ne kafin ya zama na malamin kimiyya. Ya kamata a ce "ƙananan halittu" a matsayin suna na gaba ɗaya, a bar "ƙwayar cuta" ga wadda ke jawo ciwo kawai. Wasu za su ce kalmar ta riga ta zauna a bakin jama'a da rediyo. Gaskiya ne, amma ɗalibin firamare bai riga ya koye ta ba. Da damina, malami ya tuge gyaɗa guda, ya tsaga ƙulli ɗaya a gaban yara, su ga jan da ke ciki, sannan ya rubuta sunan a allo.