Kabari Biyu, Mamaci Ɗaya: Labarin Daniel Boone

A wannan makon za mu ƙetare teku zuwa Amurka, inda jihohi biyu, watau Kentaki da Misuri, suka daɗe suna jayayya a kan ƙasusuwan wani tsoho da ya rasu tun 1820. Sunansa Daniel Boone, maharbi, mai saran daji, daga baya kuma soja.

Asalin gidansu Ingila ne. Mahaifinsa, Squire Boone, masaƙi ne ɗan ɗariƙar Kirista ta Quaker, wadda ta haramta wa mabiyanta yaƙi. Ya yi ƙaura zuwa Fensilbaniya a 1713, can aka haifi Daniel a 1734, shi ne na shida cikin 'ya'ya 11. Da biyu daga cikin 'ya'yan suka auri waɗanda ba 'yan ɗariƙa ba, sai dattawa suka kori uban, ya kwashe iyalinsa a 1750 suka nufi Karolina ta Arewa. Ikon Allah, ɗan gidan da ba a ɗaukar makami shi ne ya girma da bindiga a kafaɗa. A 1756 ya auri Rebecca Bryan, suka haifi 'ya'ya 10.

Bayan duwatsun da ke yamma da su akwai Kentaki, ƙasa mai albarka. Amma fa ba kango ba ce, dajin farauta ne na ƙabilun Shawnee da Cherokee, mutanen ƙasar na asali. A 1773 Boone ya yi yunƙurin kai iyalinsa can, aka tare su a hanya aka kashe ɗan farinsa, James. Bai daddara ba. A 1775 ya ja masu gatari wajen 30 suka sare hanya ta wata ƙofar dutse mai suna Cumberland, ya kafa sansanin Boonesborough.

A shekarar nan ce yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke. Ingila ta jawo Shawnee gefenta, su kuwa dama suna neman hanyar kare ƙasarsu. Nan maharbi ya zama hafsan mayaƙan sa-kai. A 1778 Shawnee suka kama shi a wurin dafa gishiri, sarkinsu Blackfish ya ɗauke shi ɗa. Bayan wata huɗu ya sulale, ya koma ya tsare Boonesborough sa'ad da suka kewaye garin. A 1782 kuma, a gumurzun Blue Licks, aka kashe ɗansa Israel.

To, me ya samu bayan wannan duka? Da ƙura ta lafa, sai masu takardu da lauyoyi suka iso. Boone gwanin daji ne, ba gwanin rajistar fili ba. Shari'a da bashi suka cinye yawancin filayensa. A 1799 ya tattara ya bar Kentaki, ya koma Misuri, wadda a lokacin tana hannun Sifen. Rebecca ta rasu a 1813, shi kuwa ya cika ran 26 ga Satumba, 1820, a gidan ɗansa Nathan, yana da shekara 85. Aka binne shi kusa da matarsa, a wata ƙaramar maƙabarta dab da garin Marthasville.

Bayan shekara 25, a 1845, sai ga mutanen Kentaki sun zo neman gwarzonsu. Suka tone ƙasusuwan mata da miji, suka kai Frankfort, babban birnin jiharsu, suka sake binnewa da gagarumin biki. Mutanen Misuri kuwa suka ce an yi kuskuren kabari, Boone yana nan inda yake, domin kaburburan sun yi shekaru ba alama. A 1983 wani masanin ƙasusuwa ya duba siffar ƙoƙon kan da aka zuba kafin a sake binnewa, ya ce mai yiwuwa na baƙar fata ne. Dama an binne bayi a maƙabartar nan, shi kansa Boone ya mallaki bayi. Har yanzu kowace jiha tana nuna wa baƙi nata kabarin.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ƙasar da ta bar mutum ya fita da bashi a wuya yana raye, ita ce ta gina masa hasumiya bayan ya zama ƙasa. Wannan shi ne ihu bayan hari. Sa'an nan a tuna da waɗanda ba a yi jayayya a kan ƙasusuwansu ba: Shawnee da aka raba da dajinsu, da bawan da watakila yake kwance ƙarƙashin sunan wani. Mai niyyar girmama tsohon soja ko dattijon gidansu, ya yi tun yana iya jin godiya, ya kuma rubuta tarihinsa tun masu shaida suna nan.