RA'AYINMU: Azumin Maƙwabci Da Amanar Mudu

A 'yan shekarun nan Allah cikin ikonSa Ya haɗa azumi biyu a lokaci guda a wannan yanki namu. A shekarar 2025 Musulmi sun ɗauki azumin Ramadan a farkon watan Maris, mabiya ɗarikar Katolika kuma suka shiga nasu azumin na kwana arba'in ranar 5 ga watan. A 2026 ranar shigarsu ita ce 18 ga Fabrairu, cikin makon kamawar Ramadan, kuma lissafi ya nuna cewa a 2027 ma kwana biyu ko uku ne kawai tsakanin farkon azumin biyu. Ke nan matar da ta fito daga unguwar Tongo neman kayan buɗa baki, da wadda ta fito daga Joli Soir neman busasshen kifi, a gaban tebur guda suke tsayawa a kasuwannin Ngawundere, kuma mutum guda ne ke auna musu.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna da 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, na cikin gari da na bakin iyaka, tun daga Mbaibum da Ngawi da Garwa-Bulai har zuwa Banyo da Konca. Abin mamaki ne ka ga mutum ya shekara ashirin yana sayar wa wata baiwar Allah shinkafa da mai, ya san sunayen 'ya'yanta, amma bai san ranar da take azumi ba, bai kuma san dalilin da ya sa ta daina sayen nama ranar Juma'a ba. Wasu ma har sukan yi dariya su ce wannan ai ba azumi ba ne tunda ana shan ruwa. Hausawa dai sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Waɗannan mutane ba jiya suka zo ba. A shekarar 1946 ne Fada Yves Plumey da abokan aikinsa suka iso arewacin Kamaru, a 1947 aka kafa musu mazauni a Garwa, a shekarun 1950 kuma suka buɗe kwalejin Mazenod a Ngawundere, inda 'ya'yan Musulmi da dama suka yi karatu. Kafin su ma akwai 'yan mishan na Lutheran daga ƙasar Norwe tun 1925. Da jirgin ƙasa ya iso Ngawundere a 1974, ma'aikata daga kudu suka ƙaru a kan Kiristocin Gbaya da Dii da Tupuri da Mundang da sauransu. A 1982 aka ba Ngawundere dayosis nata na kanta, a watan Agustan 1985 kuma Paparoma John Paul na biyu ya zo Garwa da ƙafarsa. Saboda haka maƙwabta ne na dindindin, kuma abokan ciniki ne na kullum.

Shekarar ibadarsu tana farawa ne da Lahadi huɗu kafin Kirsimeti, lokacin da suke kira Avent da Faransanci, wato lokacin jira da shiri. A makonnin nan ne uwargida ke tara kuɗin adashinta, maigida ya nemi akuya ko kaji, a kai wa tela ɗinkin yara. Daren 24 ga Disamba sukan raya shi a coci, washegari kuma a taru a gidan babba, na Yawunde da Duwala su hau jirgi su zo, a dafa shinkafa da doyar Mbe, a zauna a ci tare.

Azumin kwana arba'in, wanda suke kira Karem, yana kamawa ne ranar Larabar Toka, wadda ake shafa musu toka a goshi don tunawa da cewa daga ƙasa mutum ya fito kuma cikinta zai koma. Ƙa'idar cocinsu ita ce a wannan Larabar da kuma Juma'ar ƙarshe kafin Ista, duk wanda ya kai shekara 18 kuma bai shiga shekara ta 60 ba zai ci cikakken abinci sau ɗaya tak, sai ɗan abin taɓawa sau biyu. A dukkan Juma'o'in azumin kuwa, wanda ya kai shekara 14 ba ya cin nama, amma yana iya cin kifi. Bayan wannan kowa kan zaɓi abin da zai hana kansa, wani giya, wani taba, wani shayi da sukari, kuma ana koya musu cewa kuɗin da aka rage a ba matalauci. Shi ya sa a makonnin nan karfasa da tarwaɗar Lagdo da bandar Mbakawu ta wajen Tibati suke yin kasuwa, tare da wake da gyaɗa da ganye, mahauta kuma su ga ciniki ya ja baya ranar Juma'a.

Ista ita ce babbar sallarsu, ta fi Kirsimeti daraja a wurinsu, kuma su ma da wata suke lissafinta, domin tana faɗowa ne a Lahadin farko bayan cikar watan da ta faɗo ranar 21 ga Maris ko bayanta. A darenta ake yi wa sabbin shiga baftisma, daga nan kuma har kwana hamsin lokacin murna ne, inda a majami'u da yawa yara ke karɓar jibi karo na farko, iyaye su yi walima. Akwai kuma 15 ga Agusta, ranar girmama Nana Maryamu, wadda hutu ce a Kamaru kamar yadda ƙaramar Sallah da babba suke, sai bikin godiyar kaka, inda manoma kan kai masara da dawa da gyaɗa coci. Abin lura shi ne babbar sujadarsu da suke kira Misa, ita kanta tunawa ce da cin abincin ƙarshe da suka yi imani Yesu Almasihu ya yi da almajiransa. Don haka zaman iyali a kan abinci guda, da addu'a kafin a sa hannu, wani yanki ne na addininsu.

Babu shakka, dattawanmu sun fahimci wannan tun kafin a fara kiran taron fahimtar juna a otal. A unguwanni da yawa na Ngawundere da Garwa, Kirista kan kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa akuyar Kirsimeti ko ta Ista, ba don bai iya riƙe wuƙa ba, sai don kowa ya iya ci da kwanciyar hankali. Idan babbar Sallah ta zo, ana aika yaro da cinyar rago a ƙetara katanga, idan Ramadan ne kuma a aika ƙosai da kunu. Wannan kwano da ke zuwa ya dawo shi ne ya riƙe unguwanninmu, domin da wuya mutum ya ɗaga hannu a kan wanda ya ci abincin gidansa jiya.

Abubuwa biyu ne muke gani suna neman fasa wannan kwano, kuma na farko a hannunmu yake. Da zarar an ce saura mako biyu Kirsimeti ko Ista, ko an ce an kusa ganin wata, sai buhunan shinkafa da sukari da jarkokin mai su ɓace daga gaban shago su koma sito, su jira farashi ya hau. Sai a sami mudu biyu, na saye daban na sayarwa daban. Mafi muni shi ne farashi biyu: wadda ta yi sallama da Hausa ko Fulatanci a faɗa mata kuɗi na gaskiya, wadda ta zo da Faransanci ko aka ga gicciye a wuyanta a ɗora mata. Mun san kuɗin mota ya ƙaru, mun san abin da ake karɓa a shingayen hanya, mun kuma san yadda canjin naira da sefa ke wasa da jarin mutum tsakanin Mubi da Garwa. Amma duk wannan ba ya halatta ɓoye abinci, kuma Suratul Muɗaffifina da ta yi gargaɗi a kan tauye awo ba ta ware addinin mai saye ba. Duk abin da aka tauye a mudu, daga bakin wani yaro aka cire shi a ranar da ya fi ɗokin gani a shekara.

Abu na biyu shi ne irin wa'azin da ke yawo a wayoyin hannu, wanda ya sa wasu matasa suka fara mayar da abincin maƙwabta, wasu ma su zubar a gaban yaron da aka aiko. Mu ba masu ba da fatawa ba ne, kuma mun san malamai suna da maganganu daban-daban a kan bukukuwan da ba na Musulunci ba. Sai dai kowane almajiri ya san aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta yi bayanin halaccin abincin Ahlul Kitabi, ya kuma san girman haƙƙin maƙwabci. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana iya karɓa ya yi godiya, ko ya je da kansa ya yi bayani cikin mutunci. Su ma 'yan'uwanmu Kirista akwai nasu nauyin: a ware tukunyar da za a aika wa Musulmi daga naman alade da bilbil, kuma kada a ɗauki wanda ya ba da uzuri a matsayin maƙiyi.

Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce, ya tuna abin da ya faru a Arewa Mai Nisa. A Nuwamban 2013 'yan Boko Haram suka sace Fada Georges Vandenbeusch a Ngecewe, a Afrilun 2014 aka sace fada biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada a Cere kusa da Marwa, a watan Yuli na shekarar kuma aka ɗauke Lamidon Kolofata, wanda Musulmi ne. A Yulin 2015 bam ya tashi a babbar kasuwar Marwa da unguwar Barmare. Kasuwannin Amcide da Banki da Fotokol, waɗanda da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi suka ci arziki a cikinsu, sun shafe shekaru a durƙushe. Fitina ba ta tambayi kowa addininsa ba, kuma ɗan kasuwa ne ya fara jin ta a aljihu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka muna kira ga shugabannin kasuwanni da sarakunan Hausawa da su riƙa zama da 'yan kasuwa kafin kowane biki, na Musulmi ko na Kirista, a yi magana a kan farashi da awo, a kuma tsawata wa mai ɓoye kaya ko wane ne shi. Muna kira ga hukumomin ciniki da su fito duba sikeli da mudu a kan lokaci, ba sai an gama cutar talaka ba. Muna roƙon limamai da fadoji su riƙa tunatar da mabiyansu haƙƙin maƙwabtaka a huɗubar Juma'a da wa'azin Lahadi. Shi kuma ɗan kasuwa, ya rubuta ranakun maƙwabtansa a bangon shago kamar yadda yake rubuta nasa, ya tanadi kifi da wake a lokacinsu, ya yi wa tsohuwar abokiyar cinikinsa gyara idan bikinta ya zo, ya ce mata barka. Wannan ciniki ne, kuma zumunci ne.

Daga ƙarshe muna tunatar da iyaye cewa yara suna kallo. Yaron da aka saba aikensa da kwano gidan maƙwabci zai girma ya san hanyar gidan, wanda aka hana kuma wani ne zai ba shi labarin mutanen gidan a waya. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.