Martani ga Masu Tuhumar Ennis da Jack a Fim ɗin Brokeback Mountain

Tun 2005 da Ang Lee ya fitar da Brokeback Mountain, wanda aka gina kan gajeren labarin da Annie Proulx ta buga a mujallar The New Yorker a 1997, ake jifan mutanen cikinsa da zarge-zarge. Waɗanda suka ƙi kallonsa saboda addininsu bai amince da alaƙar da ke tsakanin maza biyun ba, matsayinsu sananne ne, kuma ba su nake amsa wa ba. Maganata da waɗanda suka zauna suka kalle shi ne daga farko har ƙarshe, sannan suka yanke wa mutanen cikinsa hukuncin da labarin bai goyi bayansa ba.

Babban zargin shi ne wai Ennis Del Mar, wanda Heath Ledger ya fito a matsayinsa, matsoraci ne mai son kansa, ya riƙe Jack Twist shekara ashirin bai ɗauka ba, bai saki ba. Mai wannan magana ya tsallake abin da Ennis ya faɗa da bakinsa. Yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya ja shi da ɗan'uwansa ya nuna musu gawar wani dattijo mai suna Earl, yashe cikin kwalbatin ban ruwa, an yi masa kisan wulaƙanci saboda yana zaune gida ɗaya da wani namiji. Ennis har yana zaton da hannun mahaifin nasa a ciki. Yaron da aka koya wa darasi da gawa, ta yaya za a ce tsoronsa ragwanci ne? A ɗora maraici a kai, domin iyayensa sun rasu a hatsarin mota, a ƙara da talaucin ɗan ƙwadagon gidan gona da kuɗin ciyar da 'ya'ya mata biyu bayan saki. Kuma ƙasar da aka dasa labarin ba ƙirƙirarriya ba ce: a jihar Wyoming ɗin nan aka kashe ɗalibi Matthew Shepard kusa da garin Laramie a watan Oktoban 1998, shekara guda bayan fitowar labarin. Ban ce tsoro ya wanke Ennis ba. Ranar da ya murɗe wa tsohuwar matarsa Alma hannu a kicin saboda ta faɗa masa gaskiya, zalunci ya yi, kuma fim ɗin bai rufa masa asiri ba.

Wannan ya kai mu ga zargi na biyu, wanda ya fi ɓata mini rai, wai fim ɗin ya mai da matan auren shingaye kawai, bai damu da ciwonsu ba. A sake kallon fuskar Michelle Williams, wadda ta fito a matsayin Alma, a inda labarin ya kai 1967, lokacin da ta buɗe ƙofar gidansu a Riverton ta hango mijinta rungume da Jack, baƙon da ya ce abokinsa ne. Ba ta yi kururuwa ba. Ta maido ƙofa a hankali, ta haɗiye abin tsawon shekaru. Sai bayan rabuwarsu a 1975, ta riga ta auri Monroe, ta fasa ƙwai: ta taɓa ɗaura 'yar takarda a zaren ƙugiyarsa tana roƙon ya kawo musu kifi, ya dawo daga tafiyar kamun kifin da yake cewa yana yi da Jack, ta buɗe kwandon ta tarar da takardar yadda ta bar ta, ko ruwa bai taɓa ta ba. Marubutan fim ɗin, Larry McMurtry da Diana Ossana, su ne ma suka faɗaɗa rayuwar Alma da Lureen, matar Jack, fiye da yadda take a gajeren labarin, har suka ba Cassie, ma'aikaciyar gidan abincin da ta so Ennis ya watsar da ita, damar zubar da hawayenta a gabansa. Wanda bai ga ciwon matan nan ba, shi ne bai duba ba.

Jack kuma, an ce mayaudari ne, tunda ya tsallaka Meziko neman maza, kuma akwai alamar wata alaƙa tsakaninsa da wani mai suna Randall a Texas. Gaskiya ne, har ƙarya ya yi wa Ennis cewa da matar wani yake hulɗa. Amma shi ne ya yi ta roƙon su kafa gidan kiwo tare, shi ne ya tuƙo mota tun daga Texas da ya ji labarin sakin, aka sallame shi a tsaye. Kuma a ɗakinsa na yarinta aka samu rigar Ennis mai jini ta shekarar 1963 da suka fara haɗuwa, ɓoye cikin tasa.

Sai tambayar da ta fi kowace tayar da ƙura: yaya Jack ya mutu? Masu suka sun ce fim ɗin ya yi rowar amsa, ko kuma Lureen ƙarya ta shirga. Ga abin da ke gabanmu. Katin wasiƙar Ennis ya dawo da hatimin cewa mai shi ya rasu. Ya buga waya, Lureen ta shaida masa cewa taya ce ta fashe yayin da Jack ke gyara ta a wata hanyar bayan gari, ƙarfenta ya doke shi a fuska, jininsa ya shaƙe shi. Tana cikin magana sai muka ga wasu maza suna dukan Jack da ƙarfen kwance taya. Wa ke ganin wannan hoton? Muryar Lureen ce a kunne, amma fuskar Ennis kyamara ke kallo. Daga baya, a gidan iyayen Jack da ke Lightning Flat, mahaifin Jack ya yi wa Ennis gugar zana da cewa ɗansa ya fara zancen kawo wani maƙwabcinsa na Texas su zauna tare, maganar da ta ƙara wa zargin kisa nauyi. A ɗaya gefen, yadda Anne Hathaway, wadda ta fito a matsayin Lureen, ta jero labarin kamar hadda zai iya zama ƙarya da aka shirya, zai kuma iya zama gajiyar matar da ta maimaita zance ɗaya ga masu ta'aziyya har ya bushe a bakinta. Ta ma zaci dutsen Brokeback wuri ne da Jack ya ƙago, sai da Ennis ya ce can suka yi kiwon tumaki, idanunta suka kawo ruwa.

A ganina, da Ang Lee ya tsayar da amsa ɗaya, da ya rage wa labarin ƙarfi. In hatsari ne tabbas, tsoron Ennis ya zama wauta. In kisa ne tabbas, Ennis ya zama mai gaskiya a duk ƙin da ya yi, asarar shekara ashirin ta samu uzuri. Fim ɗin ya hana shi duka biyun, ya bar shi da kokwanton da ba wanda zai warware masa, mu ma ya bar mu a wurin tare da shi.

Saura masu cewa Ennis bai canja ba ko kaɗan. 'Yarsa Alma ƙarama, tana da shekara 19, ta same shi a ƙaramin gidan tirelar da yake zaune ta ce za ta auri Kurt. Abin da ya tambaye ta shi ne ko saurayin yana son ta. Da ta gayyace shi biki, ya fara kawo uzurin aikin tattara shanu, irin uzurin da ya sha ba Jack da ita kanta. Ya dubi fuskarta, ya janye maganar, ya ce masu shanun su nemi wani kaboyin, shi zai halarci ɗaurin auren.