Wata Huɗu a Bukka Ba Kwana Biyu Ba Ne



Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Bakori da sassafe a 'yan kwanakin nan, ko ya ratsa ta Danja da Kafur, idan ya kalli gefen fadama zai hangi hayaƙi yana tashi daga inda babu gari. Bukkoki ne na kara da zana, wasu an lulluɓe su da leda ko tsofaffin buhunan taki. Bukkar lambu da muka sani ta namiji ce shi kaɗai, da tabarmarsa da tocila da 'yar rediyo, yana gadin injin ban-ruwa. Amma yanzu sau da yawa sai ka ga igiyar shanya da kayan yara a kanta, ka ga murhu, ka ji kukan jariri. Iyali ne sukutum suka tare a lambu, kuma ba za su tashi ba sai an tsinke tumatirin ƙarshe, bazara ta kawo jiki.

A kan waɗannan yaran muke son mu yi magana a wannan makon. Kuma tun kafin wani ya ce mun zauna a gari muna yanke wa manoma hukunci, bari mu faɗa: mu ma mun yi hunturu biyu a irin wannan bukka muna ƙanana. Mun san sanyin asubar bakin ruwa, wanda ke shiga har cikin ƙashi. Mun san faso da kaushi. Mun kuma san daɗin wurin, don ba za mu yi ƙarya ba, akwai daɗi. A can muka koyi buɗe ruwa a fangali da rufe shi, a can muka fara sanin tumatirin da zai iya kai Legas da wanda sai dai a yanka a yi kauɗa. Miyar da muka sha a lambu ba mu taɓa shan irinta a gida ba. Sannan a wata huɗun nan muna ganin Baba dare da rana, abin da 'ya'yan masu tafiya cin rani Abuja ko Fatakwal ba sa samu.

Don haka ba mu cikin masu cewa a bar yara a gida kawai, magana ta ƙare. A bar su wurin wa? Wurin kakar da ita kanta ba ta iya ɗebo ruwa? Abincin gidan gaba ɗaya ya koma lambu, uwar tana can tana dafa wa 'yan ƙwadago tana samun na kashewa. Ga kuma waɗanda ba son ransu ne ya kai su ba. Mutanen da suka baro ƙauyukansu a yankin Faskari, Sabuwa, Ɗandume ko Ƙanƙara saboda 'yan bindiga, suka samu aron fili ko aikin jinga a wata fadama, ba su da wani gidan da za su bar yaran a cikinsa. Wanda ya shaida abin da ya faru a makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, lokacin da aka kwashi ɗalibai sama da 300 a dare ɗaya, ba zai yi mamakin uban da ya ce yana son 'ya'yansa su kwana inda idonsa yake ba.

Matsalar ba tafiya da yaran ba ce. Matsalar wata kalma ce da kowa ke faɗa: “Ai na ɗan lokaci ne.”

Ita ce amsar da muka riƙa ji muna yara. Inna ta ce a haƙa masai, Baba ya ce, “Haba, kwana nawa za mu yi?” Ta ce yaran nan fa makaranta, ya ce, “In mun koma sa ci gaba.” Ba mugunta ba ce, lissafi ne na mutumin da ya ɗauki kansa baƙo, shi kuwa baƙo an ce raɓa ne. To amma raɓar da ta kwana ɗari da ashirin a wuri ɗaya ta wuce raɓa. Daga Disamba zuwa Afrilu kashi ɗaya cikin uku na shekara ne, kuma bana aka yi, baɗi ma za a sake.

Mu fara da makaranta, don lissafinta ba ya buƙatar kwamfuta. Shekarar karatu zango uku ce. Zango na biyu yana farawa a Janairu ya ƙare wajen Afrilu, wato daidai lokacin da lambu ya fi buƙatar mutum. Firamare shekara shida ce, zango 18 ke nan. Yaron da ke rasa zango na biyu kowace shekara ya rasa zango 6, shekara biyu cur. Kuma ba a nan ɓarnar ta tsaya ba, domin abin da ake koyarwa a zango na uku a kan na biyu aka ɗora shi. Mu da muka dawo aji huɗu bayan hunturunmu na farko, mun tarar an wuce raba lamba, kuma har muka gama firamare ba mu daina jin tsoron wannan darasi ba. Malaminmu bai kore mu ba, bai kuma tambaye mu inda muka je ba. Sunanmu yana cikin rajista, shi ke nan. A takarda mu ɗalibai ne, ba ma cikin yaran da ake cewa ba sa zuwa makaranta. Irin wannan yaro babu wanda ke ƙirga shi, saboda bai ɓace ba, bai kuma halarta ba.

Abin takaicin shi ne ƙasar nan ta daɗe da sanin akwai yaran da ke tafiya da iyayensu. Tun 1989, zamanin da Farfesa Jibril Aminu ke ministan ilimi, aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa mai hedikwata a Kaduna, kuma aikinta bai tsaya ga makiyaya kaɗai ba, ya haɗa da masunta da manoma masu ƙaura. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Ba ta ce ban da wanda ubansa ke noman tattasai ba.

Kai, ba ma sai mun je ga doka ba. Kakanninmu sun riga mu warware wannan. Idan kaka ta wuce, alaramma yakan kwashi almajiransa ya fita bayan gari, a kafa kiskadi da karan dawa, a yi rani ana karatu. Shi bai taɓa cewa tunda an bar gida, allo ya huta sai an dawo ba. Makarantar ce ke tashi ta bi yaro. Mu da muke taƙama da boko mun kasa abin da malamin tsangaya ya yi da kara da tawada.

Sai lafiya, kuma a nan ne abin ya fi ba mu tsoro. Bukkar zana tana numfashi, iska na shiga tana fita. Amma yau saboda jaura, mutane na naɗe bukka da leda ruf, sannan a shigo da kaskon garwashi a kwanta. Garwashi yana fitar da wata iska wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma a ɗakin da ba mafita tana iya kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Yaron da ya tashi da ciwon kai da jiri kowace safiya, ba lallai maita ko mura ba ce, a duba kaskon. Ga gobara. Bukka biyar a manne da juna, da jarkar fetur ɗin injin a kusurwa, da iskar hunturu, ba sai an faɗi sauran ba.

Ga maganin feshi. Tun da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a 2016, mai lambu ba ya wasa da feshi, kuma ba mu ga laifinsa ba. Amma ina ake ajiye kwalaben? A cikin bukkar da ake kwana, kusa da garin tuwo, don kada a sace. Idan kwalba ta ƙare sai a ɗauraye a zuba manja ko ruwan sha. Mun ga yaro ɗan shekara goma sha biyu da tankin feshi a bayansa, ba takalmi, ba abin rufe hanci, iska na maido masa da maganin a fuska. Taya iyaye tsinkar tumatir tarbiyya ce, da ita muka tashi. Goya wa yaro guba a baya wani abu ne daban, kuma ya kamata mu iya faɗin bambancin ba tare da jin kunya ba.

Sannan ruwan kansa. Ba kowa ya san cewa yankinmu yana cikin littattafan likitanci na duniya a kan wannan batu ba. A shekarun 1970 masu bincike sun yi shekaru suna aiki a ƙasar Malumfashi kan cututtukan da suka zauna wa mutane, har suka riƙa zama a bakin dam ɗin Ruwan Sanyi suna lura da masu shiga ruwa, don gane yadda tsargiya ke yaɗuwa. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu, ta shiga ta fatar mai wanka ko iyo, daga baya yaro ya fara fitsarin jini. Yaron da ya tare a bakin dam, Mairuwa ne ko Gwaigwaye, a ruwan yake wanka, a ciki yake wasa idan rana ta yi. Akwai maganinta, kuma sau da yawa ta makarantu ake raba shi. To shi da ba ya makarantar fa? Haka masu rigakafi: gida-gida suke bi suna rubutu da alli a bango. Bukka ba ta da bangon da za a rubuta wa, ba ta kuma cikin taswirar kowa. Alhali rani shi ne lokacin ƙyanda da sanƙarau, kuma manyanmu ba su manta 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kashe mutum fiye da dubu 11 a ƙasar nan.

Wani abu da zai ba ku dariya: a Amurka akwai iyalan da ke yin kusan irin wannan zama, amma don nishaɗi. Sukan shiga mota mai ɗaki da kicin da banɗaki, su kafa ta a gindin duwatsun jihar Kolorado, su kwashe lokacin sanyi da 'ya'yansu suna wasan zamiya a kan ƙanƙara. Ba mu kawo su don a kwatanta aljihu ba, wanda ya fita neman abinci da wanda ya fita wasa ba hanyarsu ɗaya ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne shirin. Kafin su sauka sai sun naɗe bututun ruwa don kada ya daskare, sun sa na'urar da ke ƙara idan waccan muguwar iska ta taru, sun tsara yadda yaran za su ci gaba da darasi. Su da suka je wasa sun yi shirin zama. Mu da muka je neman na shekara, shirin tashi muke yi tun ranar da muka sauka.

Ra'ayinmu shi ne duk inda iyalai suka taru za su yi wata huɗu, wurin unguwa ne, a ɗauke shi a matsayin unguwa. Mai unguwar da fadamar ke ƙasarsa ya san gida nawa ne da yara nawa, ya kai wa dagaci, ya kai wa asibitin da ke kusa don masu rigakafi su san hanya. Wannan ba ya cin ko sisi. Shi kuma hedimasta ya ba yaro 'yar takarda da zai kai makarantar da ta fi kusa da lambun, a karɓe shi na zango ɗaya ba tare da an ce sai ya ɗinka sabon yunifom ba. Inda makaranta ta yi nisa, ga matasa nan masu NCE da difloma irinmu suna zaune a majalisa ba aikin yi. Idan bukka ashirin suka haɗa kwando ɗai-ɗai a lokacin tsinka, an samu abin sallamar malami na awa biyu kowace safiya a ƙarƙashin rumfa. Mun san za a ce farashin tumatir ba shi da tabbas, wani makon kwando ya yi daraja wani makon a zubar a bakin titi. Gaskiya ne. Amma ba mu taɓa jin an fasa sayen fetur ɗin inji saboda wannan dalili ba.

Ita kuma gwamnati da ke ta kiran mutane su rungumi noman rani, tana raba injina da taki, ta tuna cewa injin ba shi kaɗai yake kwana a fadama ba. Duk takardar da za a rubuta sunan manomi don ba shi taki, a ƙara layi ɗaya: yara nawa ke tare da kai a lambu?

Sauran kuwa na uban gida ne, ba sai an jira kowa ba. A bar taku goma tsakanin bukka da bukka. A yi wa magani da fetur tasu 'yar rumfa daban. A fitar da kasko kafin a kwanta, a bar kafar iska a sama. A haƙa masai nesa da ruwa tun makon farko, ranar da ake kafa bukkar, ba sai wani ya fara gudawa ba.

Makon jiya mun leƙa wani kawunmu da ya tare da iyalinsa a fadama ta wajen Kafur. Muka kawo masa maganar makarantar yaran, ya yi dariya ya ce, “Ɗana, ai kwana nawa ne.” Muka tambaye shi wannan hunturu na nawa ke nan yana zuwa da su. Ya ƙirga da yatsu, ya ce na biyar. Babbar 'yarsa tana gefe tana yanka tumatir, bana take aji shida.

Masu lambu da malaman firamare da ke cikinmu, muna son jin ta bakinku, musamman kan batun takardar zango ɗaya: a makarantarku za a karɓi yaron ko za a maido shi?