Sandar fatsa daidai aljihun talaka

A wannan mako za mu ɗan huta da zancen siyasa mu gangara bakin ruwa, sabili da wata magana da ta taso mini a gida, wadda na ga ya dace mu tattauna ta tare.

Ranar Larabar da ta wuce, ranar kasuwar Ƙonni, ɗan yayata ya iske ni da salularsa a hannu. Yaron ya yi aikin albasa a Galmi rani guda, ya tara jaka 20. Ya nuna mini hoton wasu Amurkawa cikin jirgin ruwa, suna kama wani kifi mai faɗi da suke kira kirafi, da doguwar sanda siririya, a bakin zarenta an ɗaura ƙugiya mai ɗan kan darma da gashi mai launi. Ya ce: "Kawu, irin wannan nake so. Na ga mai kama da ita a wani kanti, in na saye ta na bar aikin ƙodago." Na ce masa ya maida kuɗinsa aljihu tukuna, mu je mu tambayi waɗanda suka tsufa cikin sana'ar. Abin da na jiyo, da abin da na sani, shi ne zan shimfiɗa muku a nan, domin na tabbata ba shi kaɗai ke wannan mafarki ba.

Da farko sai mu san ruwanmu. Mu mutanen Ƙonni da Malbaza da Illela ba mu da kogi mai gudu shekara duka. Magiya takan kawo ruwa da damina, da rani ta ƙafe. Abin da muke da shi shi ne madatsun ruwa da tafkuna: Mozage da Zango, waɗanda ke tura ruwa zuwa matattarar Cerasa, daga nan ya shiga gandun noman rani na Ƙonni mai sama da hekta 2400, da madatsar Galmi, da kuma tafkin Ɗan Dutsi can yamma da Illela, wanda aka sa tare da na Tabalak cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2005. Ruwa ne mai laka, marar zurfi a gefe, cike da ciyawa da kututturan itace. Kirafi ba ya cikinsa. Wanda ya fi kusa da shi a siffa da girma shi ne karfasa, sai kuma tarwaɗa da ke kwance a ƙasan ruwa, da gaiwa mai shigewa cikin taɓo ta jira damina.

Wani dattijo da muka tarar a bakin Mozage, wanda ya haura shekara 40 yana su, ya karɓi salular ya duba hoton da kyau, sa'annan ya yi murmushi ya ce wa yaron: "Ɗana, kifi ba ya ganin sanda. Ƙugiya yake gani, da abin da ke bakinta." Wannan magana ita ce tushen ciniki. Wanda ke da jaka 20 ya zuba su duka kan sanda, ya bar zare da ƙugiya na banza, ya yi gini ne ba harsashi.

To, amma duk da haka sanda tana da aikinta, kuma a nan Amurkawan nan suna da gaskiya a wuri ɗaya: tsawo. Sandarsu takan kai mita 3 zuwa 4, domin su sauke ƙugiya a hankali tsakanin rassan da kifi ke fakewa, ba tare da sun firgita shi ba. Haka karfasa take, tana son inuwar ciyawa, kuma tana da tsoro. Doguwar sanda takan bar mutum tsaye a tudu ƙugiyarsa na can bayan ciyawa. Wannan kuwa ya wuce zancen kifi, ya shafi lafiya. Ruwan da ke kwance mai ciyawa shi ne gidan ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, kuma ta fata cutar ke shiga. Yaro mai guntuwar sanda dole ya kutsa ruwa har gwiwa, ko har ƙugu. Kifin dala 100 da ya kamo, sai ga shi an biya shi da fitsarin jini da zirga-zirgar likita.

Sanduna iri uku ne talaka ke iya samu. Ta farko ita ce ta gida: gora, wadda ke zo mana daga kudu. In za ka zaɓi gora, nemi busasshiya wadda ta koma rawaya, mai gaɓoɓi kusa da juna, wadda ke sirancewa sannu a hankali daga gindi zuwa baki. Ka ƙwanƙwasa ta, in ka ga gari na zuba, ƙwaro ya riga ka. In tana da ɗan karkata, a gasa wurin sama-sama a kan garwashi a miƙe ta, a shafe ta da mai, a rataye ta cikin inuwa. Ba ta naɗewa, ɗaukarta a kan babur sai dabara, amma kuɗinta kaɗan ne, kuma ranar da ta karye ba a zaman makoki.

Ta biyu ita ce ta kanti mai shiga cikin juna kamar eriyar rediyo, wadda aka yi da zaren gilas. Galibinsu daga Sin suke fitowa. Tana da ɗan nauyi, amma tana jure wahala, kuma ita ce na fi ba wa mai ƙaramin ƙarfi shawara a kanta in har ya nace sai ta kanti. Ta uku ita ce ta kabon, mai sauƙi kamar kara, mai tsada, wadda ɗan yayata ya ƙyalla ido a kanta. Wannan tana sanar da hannu ko da kifi ya ɗan taɓa ƙugiya, sai dai ba ta son bugu: ta faɗi kan dutse sau ɗaya, ta tsage ta ciki, ranar da babban kifi ya kama sai ta ɓalle. Bugu da ƙari kabon yana ɗaukar lantarki. Mai riƙe da irinta ya nisanci wayoyin wuta, kuma da ya ji tsawa ya kwantar da ita ƙasa.

Kowace ka zaɓa, kada ka biya sai ka gwada. Ka zare ta duka a gaban mai kanti, ka duba kowace mahaɗa ko akwai tsaga. Ka riƙe gindinta da hannu ɗaya ka miƙa ta na ɗan lokaci; in wuyan hannunka ya fara ciwo tun a kanti, yaya ke nan daga hantsi zuwa la'asar? Ka ɗaura gorar ruwa ta rabin lita a bakinta ka ɗaga a hankali. Rabin kilo ke nan, nauyin karfasa mai kyau. Sanda tagari takan lanƙwasa daga sama, tsakiyarta na tsaye. Mai kantin da ya hana ka wannan gwaji ya riga ya gaya maka halin hajarsa. Sa'annan kada keken naɗin zare mai sheƙi ya ruɗe ka. Mai kamun karfasa daga gefe ba ya bukatarsa, kuma mai arha, da ƙurar hunturu ta shige shi, ya tashi aiki.

Abin da ya rage na kuɗin, a kai shi inda kifi ke gani. Ga karfasa, zaren roba siriri mai kaurin milimita 0,20 zuwa 0,25 ya isa. Tarwaɗa kuwa sai mai 0,35 ko fiye. Zaren da ya daɗe a rana kan teburin ɗan kasuwa ya riga ya mutu, ka ja shi tsakanin hannuwanka kafin ka saya. Ƙugiya, a tuna, yawan lambarta ƙanƙantarta: lamba 10 ko 12 ta dace da ɗan bakin karfasa. Darma kaɗan, da totuwar kara ko guntun tsohon silifa a matsayin abin shawagi, sai tana ko gara a bakin ƙugiya. Mai son tsallakawa kasuwar Illelar Najeriya ranar Lahadi don neman sauƙi, ya lissafa kuɗin mota da canjin naira kafin ya ce ya yi riba.

Akwai kuma abin da ya fi ciniki. Madatsunmu suna cikewa da yashi da laka shekara bayan shekara, masunta kuwa kukansu ɗaya: kifi na ƙanƙancewa. Masu jan gidan sauro cikin ruwa suna kwashe uwa da ɗiya, alhali likita ta raba shi ne don tsare yara daga zazzaɓi. Fatsa ita kaɗai ke ba mutum zaɓi, kifi ɗaya bayan ɗaya. Macen karfasa cikin bakinta take renon ƙwanta. Wanda ya kama ta baki cike ya maida ta ruwa, ya yi wa kansa ajiyar baɗi. Wanda kuma ya yi niyyar maida su sana'a, ya fara gaida sarkin ruwan wurin, ya je wurin ma'aikatan gandun daji ya nemi takardar izini, kada ranar farko ta zama ranar tara.

A ƙarshe ɗan yayata ya sayi gora biyu, da zare, da ƙugiyoyi, ya koma gida da mafi yawan kuɗinsa, uwarsa ta ƙara masa ya kama ɗan akuya. Shekaranjiya ya aiko mini da karfasa shida cikin kwano, da saƙon cewa dattijon nan ya nuna masa inda ake tsayawa da asuba. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.